Idan karen maƙwabci ya dame ku

Assalamu alaikum ƴan uwa. Koke kan karnuka ya yi yawa a Damagaram, daga Birni har Zango: haushi cikin dare, bin yara da asuba, kama kaji. Ga ƴar shawarata.

Don Allah kada a fara da zuba guba a abinci. Awaki da kajin jama'a ne ke riga kare ci, yaro ma na iya ɗauka, kuma gaba ce za ta shiga tsakaninku har abada. A sami mai karen a keɓe, ba a majalisa ba, a roƙe shi ya ɗaure abinsa. In ya ƙi ji, a je wurin mai unguwa tare da maƙwabta biyu ko uku, don kada a ce ƙiyayyar mutum ɗaya ce. In ta ci tura, sai ma'aikatar magajin gari.

Abin da ya dame ni fiye da haushin karnuka shi ne ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana kusan kullum ajali ne. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi tun yana wata 3 a yi masa rigakafi, ya adana takardar, ita ce hujjarsa ranar rigima.

Wanda aka ciza kuwa, ko yaƙushi ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ban da jiran maganin gida. Karen a tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana 10, amma allurar rigakafin wanda aka ciza ba ta jiran wannan.