Neman tallafin adana tarihi: ƙirga kayan tukuna, sannan ka ɗauki biro

Takardar neman tallafi ta farko da na rubuta shafi bakwai ce, kuma rabinta yabon magabata ne. Sai a ƙarshe na ce muna buƙatar kuɗi domin ceto tarihinmu. Amsar da ta dawo gajeriya ce, tambaya biyu kawai: takardun nan guda nawa ne, kuma a hannun wa suke? Ba ni da amsar ko ɗaya. Tun daga ranar na gane cewa masu ba da irin wannan kuɗi ba sa shakkar tarihinka yana da daraja. Abin da suke so su gani shi ne abu takamaimai da ke cikin haɗari, da mutumin da ya san yawansa.

Saboda haka aikin farko ba rubutu ba ne. Je ka buɗe akwatin. Ƙirga ganyen takardun, ko hotunan, ko kaset ɗin. Auna tsawo da faɗi, domin girman takarda shi ke nuna irin kyamarar da za ka saya. Rubuta daga wace shekara zuwa wace shekara suka fito, da harshen da aka rubuta su. Sannan ka faɗi abin da ke cin su da sunansa: gara ce, ko yoyon rufi, ko danshi, ko magada ne ke shirin rabawa. Ɗauki hoto goma masu kyau da wayarka, har da na wurin da ya lalace, domin gani ya kori ji. In tarihin baka ne, lissafa dattawan da za a zauna da su da kimanin awa nawa za a naɗa.

Abu na biyu shi ne izini, kuma a nan na fi ganin ayyuka suna mutuwa. Kayan tarihi yawanci na wani gida ne, ba naka ba. Manyan masu tallafi da dama suna sharaɗin a sa kwafin a intanet kowa ya gani kyauta. Dole mai kayan ya ji wannan daga bakinka tun kafin ka aika fom, da harshen da yake fahimta, kuma ya sa hannu. Na taɓa ganin an samu kuɗi, an sayi kayan aiki, ranar farawa wani ɗan'uwa da ba a shawarta ba ya sa kwaɗo a ɗakin. Kuma yana da gaskiyarsa, cikin takardun akwai wasiƙun iyali da maganar bashi da gado. Ka tambayi wane ne ke da ta cewa a gidan, ka zauna da su duka, ka yarda a ware abin da ba sa so a bayyana. Ka kuma yi musu alkawarin nasu kwafin, ka cika.

Sai zaɓen ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, domin kowane asusu da abin da yake ɗauka. Shirin Endangered Archives Programme na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, na ɗaukar kwafin tsofaffin takardu da hotuna da sauti ne, kuma sharaɗinsa shi ne ainihin kayan ba za su bar ƙasarsu ba. Kayan da suka fi kusa da zamaninmu, akwai Modern Endangered Archives Program a Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA) ta Amurka. In sana'ar hannu ce ke shirin ɓacewa, yadda ake saƙa ko ƙira ko gini, Gidan Tarihi na Birtaniya yana da Endangered Material Knowledge Programme tun 2018. ALIPH kuwa, gidauniyar ƙasa da ƙasa ta kare kayan tarihi da aka kafa a 2017, ta fi mayar da hankali ga wuraren da rikici ya shafa. Karanta ƙa'idojin har ƙarshe, musamman jerin abin da ba sa biya. Ka kuma duba ayyukan da suka tallafa a baya, nan za ka ga ko naka ya yi kama da nasu.

Da wuya a tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Kana buƙatar wata hukuma ko ƙungiya mai rajista da za ta karɓi kuɗin ta riƙe lissafi, kamar jami'a, gidan tarihi ko ma'ajiyar takardu. Nemi wasiƙarsu da wuri. Sa hannun shugaba kan ɗauki makonni, wa'adin rufe fom kuwa ba ya jira.

Wajen kasafin kuɗi, kowane layi ya zama yana da ɗan'uwa a cikin bayanin aikin. In ka ce ganye dubu huɗu za a ɗauka, gwada da kanka ka ga nawa mutum biyu ke iya ɗauka a rana ba tare da yaga takarda ba, daga nan za ka fitar da yawan kwanaki da alawus. Kada ka manta da abin da ba a gani: rubuta bayanin kowane hoto, wanda sau da yawa ya fi ɗaukar hoton cin lokaci, da na'urar ajiyar bayanai aƙalla biyu da za a ajiye a wurare daban, da wutar lantarki, da horar da matasan da za su ci gaba. Tallafin waje da kuɗin waje ake lissafa shi, don haka rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa. Abin da ku kanku za ku kawo ma ka sa, ko da ɗakin aiki ne ko lokacin masu sa kai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi ƙaramin tallafin gwaji, na bincike da ƙidaya da ɗaukar samfuri kaɗan. Shirin ɗakin karatun Birtaniya yana da wannan rukunin, kuma neman nasa mataki biyu ne: gajeren fom tukuna, in ya wuce a gayyace ka ka aika cikakke. Kafin ka aika, ba wanda bai san aikin ba ya karanta, ka tambaye shi me za a yi, wa zai yi, a wata nawa. Inda ya yi inda-inda, nan za ka gyara.

In an ba ka, buɗe fayil na rasit tun ranar farko, ka kuma sanar da su a rubuce kafin ka karkatar da kuɗin wani layi zuwa wani. In an hana ka, rubuta musu cikin ladabi ka nemi bayanin masu tantancewa. Takardar neman tallafi ta biyu da na rubuta shafi uku ce, akwati ɗaya ta shafa, kuma layinta na farko adadin ganyen da ke cikin akwatin ne.