Yadda Ake Zaɓen Motar Alfarma Ta Hannu: Lexus, Marsandi Ko BMW

Darajar motar alfarma tana sauka yayin da take tsufa, amma kuɗin kayan gyaranta ba ya biyo shi ƙasa. Marsandin da ta shekara 12 tana nan tana neman irin man da ta sha ranar da ta fito daga kamfani, da bakaniken da ya santa. Don haka lissafin zaɓe yana farawa ne daga abin da motar za ta ci a hannunka cikin shekara biyu ko uku. Za mu ɗauki motoci uku da suka cika wuraren dilolinmu: Lexus ES 350 ta 2007 zuwa 2012, Marsandi E350, da BMW jerin 5.

Mataki na 1: Fara da gareji, kafin wurin dila

Nemi bakaniken da zai riƙe motar tun ba ka saye ta ba. Tambaye shi wace kwamfuta yake duba mota da ita. Ƙaramar na'urar da ake jonawa da waya kusan laifin inji kawai take karantawa. Marsandi tana buƙatar Xentry, BMW tana buƙatar ISTA, Lexus kuma Techstream, ko wata babbar na'ura da ke shiga giya da birki da sauran sassan lantarki. Idan a garinku babu mai irin wannan, sai an ɗora mota a bayan babbar mota zuwa Kano ko Abuja, to sanya wannan ɗawainiya cikin lissafi tun yanzu.

Mataki na 2: Rubuta farashin kaya guda takwas

Ɗauki takarda ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Ga kowace mota tambayi kuɗin takalmin birki na gaba, shokozoba ɗaya, famfon ruwa, koyil da filogi, hannun ƙafar gaba, kwamfuresan sanyi, fitilar gaba, da giya ta tokumbo. Tambayi kuma ko kayan na shago ko sai an yi oda daga Ladipo a Legas, domin kwanakin da mota za ta yi a kan jak su ma asara ce.

A nan ES 350 take cin gaba. Injinta 2GR-FE mai lita 3.5 shi ne a cikin Camry V6 da Avalon na zamaninta, kayan ƙafarta da yawa ma ɗaya ne, ga masu gyaranta ko'ina. Ko a baƙin mai akwai bambanci: Lexus tana shan kusan lita 6, BMW mai injin N52 lita 6.5, Marsandi mai injin M272 kuwa lita 8. Jamusawan biyu ba kowane mai suke karɓa ba. Sai wanda aka rubuta MB 229.5 a jikin galan ga Marsandi, ko LL-01 ga BMW. Man da ake aunawa a gefen titi zai toshe hanyoyin mai na cikin injin, kuma gyaran ya ninka abin da aka yi tattali.

Mataki na 3: San ciwon kowane inji

Sunan mota bai isa ba, shekara da lambar inji su ne magana. Lambar shasi tana da harufa da lambobi 17, a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka na goma shi ke nuna shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Duba da kanka, domin ana sauya fitilu da bamba a kira tsohuwa da sabuwar shekara.

A ES 350 ta shekarun farko akwai bututun mai da ke kai wa na'urar daidaita bawul, wanda wani sashensa roba ne. Idan ya fashe, mai zai tsiyaye cikin 'yan mintuna, inji ya buga. Kamfanin ya maye gurbinsa da na ƙarfe zalla. Sa bakanike ya leƙa ya ga wanne ke ciki, in na roba ne a canza shi a makon farko. Duba famfon ruwa ko akwai busasshen ruwa mai launin hoda a gefensa. Dashbod ɗinta kuma yana narkewa ya yi danƙo a zafin rana, wannan dai muni ne ga ido, ba ya tsayar da tafiya.

Marsandi E350 tana buƙatar natsuwa. Injin M272 na 2005 zuwa wajen 2007 yana da wani haƙori a sandar daidaita girgiza da ke cinyewa da wuri. Alamarsa fitilar inji da lambobin laifi P0016 ko P0017 a kwamfuta, kuma gyaransa sai an sauke inji gaba ɗaya. Ƙirar W211 ta 2003 zuwa 2006 tana da birkin lantarki na SBC, wanda famfonsa ke da adadin takawa da aka ƙayyade masa, idan ya cika sai canji mai tsada. Ƙirar W212, daga 2010, ta rabu da waɗannan biyun, shi ya sa ita ce zaɓin mai hankali a gidan Marsandi. Abin da ya rage a kula da shi giyarta ce mai hawa bakwai: allon lantarkin da ke cikinta yana lalacewa, mota ta maƙale a giya ɗaya. Man giyar ma iri biyu ne, ja na 236.14 da shuɗi na 236.15, ba a musanya su.

BMW ta fi su daɗin tuƙi, ta kuma fi su neman kulawa. N52 mai silinda shida inji ne nagari, sai dai famfon ruwansa na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama, ga yoyon mai ta murfin inji da mazaunin matatar mai. Ba shi da sandar auna mai, sai a allo, ko batir aka canza sai an sanar da kwamfutar motar. 528i mai injin N20 ta 2012 zuwa wajen 2015 an san ta da karyewar robar da ke riƙe sarƙar inji. 550i mai N63 V8 kuwa, da zafinta da shan baƙin manta, a bar wa mai motoci biyu.

Mataki na 4: Auna kayan ƙawa da idon mai biyan gyara

Duk abin da ke motsi da lantarki wata rana zai tsaya. Ƙafar iska, wadda Marsandi ke kira Airmatic, tana sa mota ta yi laushi kamar katifa, amma balan-balan ɗinta roba ne, suna tsagewa, famfon ya yi ta aiki har ya ƙone. Mai bin titi mai ramuka ya nemi mai ƙafar sifirin. Rufin gilashi yana da ƙananan magudanai da ƙurar hunturu ke toshewa, damina na zuwa ruwa ya sauka kan na'urorin da ke ƙarƙashin kafet ko a but. Babban rim mai siririyar taya yana lanƙwashewa a ramin farko. Abin da ya cancanci kuɗinka a ƙasarmu shi ne sanyi mai ƙarfi, kujerar da ba ta yage ba, fitila mai haske, da makulli biyu.

Mataki na 5: Gwaji

Kada ka yi cinikin biri a sama. Bincika lambar shasi a Carfax, shafin intanet mai nuna tarihin mota, ko makamancinsa, domin da yawa daga tokumbon Amurka daga gwanjon motocin haɗari ko ambaliya suka fito. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Tabbatar da takardun kwastan sun dace da lambar shasin.

Je da sassafe ka tayar da injin da ya kwana. Ƙarar sarƙa, hayaƙi shuɗi da rawar inji a lokacin suke bayyana, in ya ɗumama sai su ɓuya. Mai ƙafar iska, auna tsayinta daga ƙasa da yamma, ka sake aunawa da safe, ɓangaren da ya zauna yana yoyo. A kwamfuta, ko babu lambar laifi, a duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa injin da kanta sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, wataƙila an goge laifi ne ko an cire batir kwanan nan. A ɗaga motar a ga ko an yanke matatar hayaƙin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi. Wadda aka hau a nan ƙasar, a duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai-tsaye, ko an cika lagireto da ruwan famfo. Sannan ka tuƙa ta aƙalla minti 30, da sanyi a kunne, cikin cunkoso da kan babban titi, kana lura da allurar zafi da yadda giya ke shiga.

Mataki na 6: Haɗa lissafi

Ga kowace mota haɗa kuɗin saye, gyaran da gwaji ya nuna, sabis biyu ko uku a shekara, taya huɗu, da babban gyara guda ɗaya daga takardarka ta mataki na biyu. Mai mota ɗaya da ke yawan tafiya garuruwa zai ga lissafin ya karkata ga ES 350. Mai amintaccen bakaniken motocin Jamus da ajiyar gyara zai ji daɗin W212. Ko wacce ka ɗauka, kada ka zuba duk kuɗinka a ciniki. Rage na makon farko: baƙin mai da matatarsa, man giya, man birki, ruwan lagireto na asali, matatar iska, sannan ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara shida a sauke ta, ko da zanenta bai cinye ba.