Darasi na 6: Shan Maganin Ciwon Jiki Kullum

A Legas da yawanmu aikin ƙarfi muke yi. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, ɗan ga-ruwa a Agege, mai tura baro a Alaba Rago, kowa kan tashi aiki jiki na ciwo. Sai a biya kemis a ce a haɗo maganin gajiya. Yau a sha, gobe a sha, har jiki ya saba. Alhali an yi waɗannan magunguna ne don ciwon 'yan kwanaki, ba don shan kullum ba.

Mu fara da farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babban mutum zai sha ɗaya ko biyu, ya bari sai bayan awa 4 zuwa 6 ya ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Hanta ce ke tace shi, in ya yi mata yawa sai ta lalace, kuma a ranar farko mutum kan ji kamar lafiyarsa ƙalau. Inda aka fi yin kuskure shi ne maganin mura. Da yawa daga ciki, irin su Procold, akwai farasitamol a cikinsu. Wanda ya haɗa su da Panadol ya ninka ke nan bai sani ba.

Ibufurofen, dikulofenak, Felvin da asfirin kuwa dangi ɗaya ne, kuma su ne suka fi yi wa masu aikin ƙarfi ɓarna. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. Suna rage yauƙin da ke kare bangon ciki, sai ruwan narkar da abinci ya ci wurin, ya zama gyambon ciki. Suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Wanda ya wuni a rana yana gumi, bai sha isasshen ruwa ba, sannan ya haɗiye su, ƙodarsa yake wahalarwa. A sha su bayan cin abinci. Ibufurofen mai miligiram 400 kada ya wuce ƙwaya 3 a rana sai da izinin likita. Kada a haɗa biyu daga wannan dangi a lokaci guda, shi ya sa haɗin da ake ƙullowa a leda ba suna yake da haɗari. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai asma da mace mai ciki su tambayi likita tukuna. Ba a ba yaro asfirin in bai kai shekara 16 ba.

Akwai kuma ciwon kan da maganin da kansa ke jawowa, ga wanda ke sha kwana 15 ko fiye a kowane wata.

In zazzaɓi ko ciwo ya wuce kwana 3 bai sauka ba, a je asibitin unguwa a gano dalili. Amma baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, kumburin ƙafa, raguwar fitsari ko idanu su yi rawaya, waɗannan ba sa jiran gobe. A daina shan maganin, a tafi asibiti nan take, a riƙe kwalin ko ledar a nuna wa likita.

Aikin gida: ka ɗauko kwalin magani ɗaya a ɗakinka. Ka rubuta sunansa, miligiram nawa ne, lambar NAFDAC, da ranar da zai lalace.