Yadda Ake Sa Shel Ya Gane Sabuwar Manhajar da Aka Girka

Matasa masu koyon Linux a unguwannin Nima da Mamobi a Accra sukan girka sabuwar manhaja, su buga sunanta a taminal, wato tagar da ake buga umarni, sai tsohon kwafinta ya tashi, ko kuma a ce ba a same ta ba. Da yawa sukan sake sauke ta, su ƙona kuɗin data a banza, alhali abin da ya kamata a bincika shi ne shel, wato manhajar da ke karɓar umarni.

Da farko, a buga `echo $PATH`. Za a ga jerin foldodi, kuma shel yana bin su ne daga hagu zuwa dama, ya tsaya a ta farko da ya tarar da sunan. Shi ya sa abin da ke /usr/local/bin yakan riga na /usr/bin. Idan foldar da manhajar ta sauka ba ta cikin jerin, kamar yadda yakan faru da ~/.local/bin, a ƙara `export PATH="$HOME/.local/bin:$PATH"` a cikin ~/.bashrc, wato fayil ɗin saitin shel, sannan a buga `source ~/.bashrc`.

Mataki na biyu shi ne ya fi rikita mutane. Bash, wato shel ɗin da aka fi amfani da shi a Linux, ba ya sake laluben foldodin a kowane lokaci. Da zarar ya samo manhaja, sai ya rubuta wurinta a wani tebur na ajiya, ya riƙa zuwa can kai tsaye, kamar direban tasi da ya saba da tsohon gidan fasinja. Saboda haka, idan sabon kwafi ya sauka a wata folda, tsohon zai ci gaba da tashi, idan kuwa an goge tsohon, sai shel ya ce babu fayil ɗin. Umarnin `hash` yana nuna teburin, `hash -d` tare da sunan manhaja yana cire ita kaɗai, `hash -r` kuma yana share shi duka. Masu amfani da wani shel kamar zsh ko tcsh su buga `rehash`.

Daga nan a tabbatar da `type -a` da sunan manhajar, wanda ke jera duk kwafin da ke akwai bisa tsarin fifiko. A ganina `type` ya fi umarnin `which` amfani wajen gano wurin manhaja, domin idan aka buga shi ba tare da `-a` ba yana duba teburin, alhali a Bash `which` manhaja ce ta waje wadda ba ta ganin teburin. Idan har yanzu ta ƙi tashi, a ba fayil ɗin izinin aiki da `chmod +x`.