Yadda Ake Ƙera Tankar Maus a Wasan Sprocket

Maus, wato ɓera da harshen Jamusanci, ita ce tankar yaƙi mafi nauyi da aka taɓa kammalawa: tan 188. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta, guda biyu kacal aka haɗa don gwaji kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Wadda ke gidan tarihi na Kubinka kusa da Mosko haɗin gambiza ce, sojojin Sobiyet ne suka ɗora hasumiyar ta biyu, wato kan tanka mai juyawa da ke ɗauke da igwa, a kan gangar jikin ta farko. Yawancin masu ƙera ta a Sprocket, wasan kwamfuta na ƙera tankokin yaƙi, daga siffar waje suke farawa, shi ya sa tasu ke kama da Maus a hoto amma ba ta tafiya irin tata. Daga ƙafa ake farawa.

Ka zaɓi zamanin ƙarshen yaƙi, domin ƙarfin inji da ingancin igwa da zamanin da aka zaɓa suke tafiya. Sai ka kafa awo: tsawon gangar jiki kusan mita 9, idan an haɗa da bakin igwa mita 10.2, faɗi mita 3.71, tsayi mita 3.63, tsakanin cikinta da ƙasa kuma kusan rabin mita.

Faɗin kowace sarƙa mita 1.1 ne. Ka lissafa: biyun sun cinye mita 2.2, ga kuma kaurin sulken gefe, abin da ya rage a tsakiya ɗan siririn kwari ne da ya ɗara mita ɗaya kaɗan. A cikin wannan kwarin inji ke zaune. Idan ka rage faɗin sarƙa don samun sarari a ciki, nauyin zai taru a ƙaramin wuri, tankar ta riƙa nutsewa a taɓo tana kasa hawa gangare. Ƙananan tayoyi 24 ne a kowane gefe, cikin rukuni shida. Wasan ba lallai ya ba ka wannan tsarin daidai ba, to ka ƙanƙanta tayoyin ka yawaita su, tun da sulken gefe zai rufe kusan dukkansu. Tayar haƙora mai jan sarƙa a baya take, ta gaba 'yar rakiya ce kawai. Kada ka juya su.

Tsarin ciki shi ne abin da ya bambanta Maus da sauran tankokin Jamus. Direba da mai rediyo suna can gaba, inji na bin bayansu a tsakiya, hasumiya kuma ta koma baya. A ainihin tankar injin janareto yake juyawa, janareton ya tura wuta ga motoci biyu na lantarki da ke baya. A wasan da akwatin giya za ka maye gurbin wannan, ka ajiye shi can baya kusa da tayar haƙora.

Sulke kuwa, gaban jiki milimita 200, farantin sama a kishingiɗe kamar digiri 55 daga tsaye, na ƙasa kamar digiri 35. Gefe 180, baya 150. Gaban hasumiya 220 a lanƙwashe, gefenta da bayanta 200. Akwai wurin da ake yawan yin kuskure: a ƙasan gefe kaurin 180 ɗin kashi biyu ne, labulen ƙarfe na 100 a waje, bango na 80 a ciki, sarƙa na gudana a tsakaninsu. Wanda ya sa 180 a waje ya ƙara 180 a ciki zai ga ma'auni ya haura tan 200 tun bai ɗora igwa ba. Duk farantin da ka gama, ka leƙa jimillar nauyi. Idan ta yi yawa, rufi da ƙasan ciki za ka duba, can ne ake mance kauri mai yawa ba a sani ba.

Babbar igwa milimita 128 ce, tsawon bututunta ninki 55 na faɗin bakinta, wato mita 7 da ɗoriya kaɗan. A damanta, idan kana kallon gaba daga ciki, akwai ƙarama mai milimita 75 da tsawon kusan mita 2.7, kuma tare suke ɗagawa da sunkuyawa. Mutum huɗu ne a hasumiya: kwamanda, mai saiti, da masu ɗura harsashi biyu. Ka ba masu ɗurin sarari sosai, ka sa rumbun harsashi kusa da hannunsu, don matsi da nisa ne ke tsawaita lokacin ɗuri. Idan gindin igwa na dukan rufi lokacin da ka sunkuyar da baki, ka matsar da mazauninta gaba kaɗan. Ɗaga rufin zai ɓata tsayin hasumiyar.

Yanzu inji. Ta farko injin fetur na Daimler-Benz mai ƙarfin doki 1,080 ta ɗauka, ta biyu na dizal mai 1,200. Ka raba da nauyi, kimanin doki shida ne kowane tan yake samu. Ka daidaita girman silinda da yawansu har ka kai wannan adadi, ka tsaya a nan. Gudun da aka tsara mata kilomita 20 a awa ne, a fili ma da kyar take kaiwa. Maus mai gudun kilomita 40 wata tanka ce daban da aka yi wa fentin Maus.

Idan ta ƙi motsi ko injin ya mutu da zarar ka taka, giyar farko ce ta yi tsawo. Ka gajarta ta matuƙa, ka ƙara yawan giyoyi don kada ƙarfi ya faɗi wajen canji. Juyi ma zai ba ka wahala saboda doguwar sarƙa na goga ƙasa, don haka ka zaɓi tsarin da ke barin sarƙa ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Idan ta durƙusa ta baya, nauyin hasumiya ne, ka ƙara ƙarfin sandunan sifirin na baya ka matsar da tankin mai gaba.

Kayan ado su zo ƙarshe: ragar iska a saman inji, ƙarafan da ke kare ta daga harsashin da ya zame daga hasumiya, da gangar mai a kwance a baya. Kafin fenti ka kai ta filin gwaji, ka tsayar da ita cak a tsakiyar gangare, ka sake tayar da ita. Idan ta tashi ba ta zame baya ba, giyarka ta zauna.