Yadda nake tantance fim ɗin ban tsoro

A gidanmu na Tudun Wada, sai yara sun yi barci nake kunna fim ɗin ban tsoro. Kai ma ka yi haka, don Allah. Ƙanwata ta taɓa leƙowa ta taga, ta yi mako biyu ba ta iya fita tsakar gida alwalar asuba ita kaɗai.

Ka ba fim ɗin minti 20. Wurin da ya fi razana ka, mayar da shi baya, ka kashe sautin. In tsoron ya gushe, ƙara kawai aka doka maka a kunne. Raunin yawancinsu ke nan: ihu da jini, labari babu.

Mai kyau ɓoye abin yake yi. Dubi Jaws na 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa lokacin ɗauka, sai darakta Steven Spielberg ya rage nuna shi, zuciyar mai kallo ta ƙirƙiro sauran. Har yau ina jin sa a jikina.

In fim ɗin na bin sawu ne da tsinkewar zuciya, tambayi kanka: na damu da wanda ake farauta? In ba ka damu ba, canza wani.