Yadda ake nazarin zaman mutane da wuta da makamashi a unguwannin Gombe

Injiniya zai gaya maka tashar Dadin Kowa megawat 40 take iya samarwa. Mai nazarin tarihi da al'ada kuwa abin da yake nema shi ne yadda uwargida ke tashi ƙarfe biyun dare ta yi guga don lokacin aka kawo wuta.

Fara da gaida mai unguwa, ka bayyana masa aikinka. Idan ka tsallake shi ka shiga da takarda da biro, za a ɗauka ma'aikacin NEPA ne ya zo yanke waya, kowa ya ja bakinsa. Har yau NEPA ɗin ake cewa, duk da tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ke kula da Gombe da Bauchi. Rubuta sunan yadda suka faɗa, shi ma abin nazari ne.

Gidaje goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa, amma a bambanta su: Jekadafari, Pantami, Bolari, da wani ƙauye da wayar ba ta kai ba. Haɗa da masu sana'a: mai markaɗe, mai walda, mai cajin waya, mai ƙanƙara.

Kada ka tambaya "wane makamashi kuke amfani da shi?" Ba haka ake magana ba. Ka ce, "Hajiya, jiya da me aka dafa tuwon dare?" Daga nan zance zai buɗe: gas ya ƙare aka koma kurfoti, gawayin ɗari biyar bai kai ba aka haɗa da itace. Bi ranar daga asuba har kwanciya. A nan aka fi yin kuskure, a tsaya a zaure a tambayi maigida. Shi kuɗin ya sani, hayaƙin kuwa matan ne suka sha. Dole a tawagar a samu mace da za ta shiga cikin gida, kuma a nemi izini kafin a ɗauki murya ko hoto.

Bar wa kowane gida ƙaramin littafi na kwana bakwai: yaushe aka kawo, yaushe aka ɗauke, me aka fasa yi. Yaro ɗan makaranta yakan riƙe shi da kyau. Rubuta awo yadda suka faɗa, ƙulli ko buhu ko galan, daga baya ka auna da sikeli, domin ƙullin gawayi raguwa yake kuɗinsa na nan.

Mutane ba sa riƙe shekara, lamari suke riƙewa. Kafa musu alama: kafin cire tallafin mai a Mayun 2023, ko lokacin da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a Afrilun 2024.

Koma sau uku: da zafin Afrilu, da damina lokacin jiƙaƙƙen itace, da hunturu da ake dafa ruwan wanka.